Masu Kiwon Wuta a Shuɗɗan Tsaunukan Ostireliya

Daga birnin Sidni na ƙasar Ostireliya, tafiyar kamar awa biyu ce a jirgin ƙasa zuwa Katumba, gari mafi shahara a yankin da Turawa suka raɗa wa suna Blue Mountains, wato Shuɗɗan Tsaunuka. Jirgin yana ta hawa sannu a hankali har ya ajiye ka a tsayin mita 1,000 daga doron teku. In ka sauka ka taka zuwa wurin tsayawar 'yan kallo da ake kira Echo Point, sai ka ga ƙasa ta yanke a gabanka: ga kwari mai zurfin gaske, ga daji iya ganinka, ga wasu dogayen duwatsu uku a jere da ake yi wa laƙabi da 'Yan'uwa Mata Uku. Shuɗin da ya ba wurin suna wani siririn hazo ne da ake dangantawa da man da ganyen itatuwan ke fitarwa. Itatuwan kuwa ba baƙinmu ba ne. Su ne muke kira turare, waɗanda aka daddasa a gandayen daji da shingayen tare hamada a arewacin Najeriya. Ostireliya ce gidansu na asali, kuma a wannan yanki kaɗai akwai iri fiye da 90.

Daga nesa komai kore shar. Sai ka matsa gaba zuwa garin Blackheath, ka bi 'yar hanyar ƙafa da ke gangarawa kwarin Grose, sannan za ka lura cewa kututturan itatuwa da yawa baƙaƙe ne ƙirin. Ka shafa ɓawon, tafin hannunka ya dawo da gawayi. Sama ganye ne ɗanye, ƙasa tabon wuta ne, kamar mutumin da ya tashi daga doguwar jinya ya sa sabuwar riga.

Shekarar 2019 ita ce mafi zafi da ƙarancin ruwan sama da aka taɓa rubutawa a tarihin Ostireliya. Lokacin zafinsu yana faɗowa ne daidai lokacin hunturunmu, daga Disamba zuwa Fabrairu, amma a waccan shekara wuta ba ta jira zafi ya kankama ba. Ranar 26 ga Oktoba tsawa ta faɗi a wani lungu na gandun dajin Wollemi, kusa da tsaunin Gospers, inda babu gida babu hanya. Gobarar da ta tashi daga nan ta lashe hekta fiye da 500,000 kafin a shawo kanta a watan Janairun 2020, ba ta kuma mutu murus ba sai da aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya a watan Fabrairu. Wasu gobarorin suka taso daga kudu. Yankin nan da hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren gado na duniya a shekarar 2000, mai faɗin hekta kusan miliyan ɗaya, wuta ta taɓa kimanin kashi 80 cikin ɗari nasa. A ƙasar baki ɗaya mutum 33 suka rasu a cikin wutar, gidaje fiye da 3,000 suka ƙone, an kuma ƙiyasta cewa dabbobin da suka mutu ko suka rasa matsuguni sun kai biliyan 3.

Garuruwan da ke cin abinci da baƙi sun ɗanɗana kuɗarsu. Ƙauyen Bilpin, wanda aka sani da gonakin tuffa, ya yi asarar gidaje. Wuta ta shiga wani ɓangare na lambun tsirrai na tsaunin Tomah. Tsohon layin dogon nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake kira Zig Zag, kusa da Lithgow, wanda gobarar 2013 ta riga ta yi wa illa, ya sake ƙonewa, bai koma ɗaukar fasinja ba sai a 2023. Hatta Katumba da Leura, waɗanda wuta ba ta ci tsakiyarsu ba, sun wayi gari masaukai ba kowa, domin duniya ta ga hotuna ta ɗauka komai ya zama toka. Har wani kira aka riƙa yi a kafafen sada zumunta cewa mutum ya ɗauki kularsa fanko ya nufi garuruwan da gobara ta shafa, ya ciko ta da kayan da suke sayarwa. Baƙi sun fara dawowa ke nan, sai ga zaftarewar ƙasa bayan ruwan Fabrairu, sai kuma annobar korona a watan Maris.

Daji ya riga mutane miƙewa. Itacen turare yana da idanun toho ɓoye a ƙarƙashin ɓawonsa, saboda haka makonni kaɗan bayan ruwa sai jajayen ganye suka riƙa fesowa daga jikin baƙaƙen kututtura tun daga gindi har sama. Waɗanda samansu ya mutu suka tofo daga wani kumburi da ke binne a gindinsu. Wata bishiya da ake kira banksiya takan riƙe irinta a rufe cikin ƙwanso mai tauri, zafin wuta ne ke buɗe shi ya zubo kan toka. A farkon 2021 kuma wani fure mai ruwan hoda, wanda irinsa kan yi shekaru kwance a ƙasa yana jiran hayaƙi da ruwa, ya rufe tuddai kusa da Katumba da Lithgow, mutane suka yi ta tururuwa zuwa kallo. Duk wanda ya ga wannan ya san dajin nan da wuta sun saba tun fil azal. Abin tambaya shi ne wace irin wuta, a wane lokaci, kuma a hannun wa.

A nan ne jama'ar ƙasar suka fara kasa kunne ga wata magana da 'yan asalin ƙasar, waɗanda ake kira Aborijin, suka daɗe suna yi ba mai kula su: dajin da aka hana wa ƙaramar wuta, babba yake jira. Mutanen nan sun shafe shekara fiye da 50,000 a wannan nahiya. Tsaunukan nan kansu ƙasar kabilu shida ce: Darug da Gundungurra da Wiradjuri da Darkinjung da Wanaruwa da Dharawal. Suna da wata gwaninta ta sa wa daji wuta da gangan, wadda suke kira wuta mai sanyi. Na rasa abin da zan kwatanta ta da shi sai kiwo. Yadda Bafillace ke sanin inda zai kora shanu da safe, da inda za su tsaya da kansu, da lokacin da za su juyo gida, haka gwanin nan yake tafiyar da wuta.

Aikin yana farawa kwanaki, wani lokaci watanni, kafin a ƙyasta ashana. Gwanin yakan zaga wurin da ƙafa, abin da yake fara dubawa kuma itatuwa ne, domin itace ke faɗa masa irin ƙasar da yake takawa. Inda turare mai santsin jiki ya fi yawa, ƙasar da ciyawarta daban suke da inda mai ɓawo zare-zare ya mamaye, daban kuma da bakin rafi. Kowace tana da lokacin da ciyawarta ke isa ƙuna, ba sa bushewa rana ɗaya. To a nan dabarar take. Yakan fara da wadda ta riga bushewa alhali maƙwabciyarta tana ɗanya, wuta in ta iso bakin ɗanyar sai ta rasa abin ci ta tsaya da kanta. Bayan makonni, lokacin da ɗanyar ta isa, wadda aka riga aka ƙona ta zama mata shinge. Haka zai yi ta bi ɗaya bayan ɗaya har kakar ta wuce, ba tare da ya share hanya da katafila ko ya jawo tankar ruwa ba. Ƙasar ce ke yi wa kanta katanga, shi dai ya san jerin.

Ranar da za a sa wutar, sai ka ga dattijo ya tsuguna ya damƙi ciyawa ya murza a tafin hannunsa. Yana son samanta ya bushe, gindinta kuwa da sauran sanyi. In ta kakkarye ta zama gari, lokaci ya wuce, a bari sai baɗi. In ta lanƙwashe ta ƙi karyewa, lokaci bai yi ba. Sai ya tura yatsu ƙarƙashin busasshen ganyen da ya zuba ya ji ko ƙasa tana da danshi. Ya ɗebi ɗan yayi ya saki ya ga inda iska ta nufa da shi. Yawanci a watannin sanyinsu ake yi, sau da yawa kuma da yamma, domin sanyin magariba da raɓa su ne za su kashe wutar. Tun kafin ya kunna ta ya riga ya san abin da zai kashe ta, da wurin, da lokacin.

Kafin nan an bi tsofaffin itatuwa masu kogo an janye ganye da ƙirare daga gindinsu, saboda kogon gidan tsuntsaye ne da ƙananan dabbobi, kuma itace kan yi shekara ɗari ko fiye kafin ya yi kogon da za a zauna ciki. Wuta in ta shiga kogo sai ta mai da shi murhu, ta ci itacen daga ciki har ya faɗi.

Sannan a kunna, a wuri ɗaya tak. Ɗan ɓawo ko damin ciyawa ake kunnawa a ajiye, wutar ta riƙa buɗewa a kewaye kamar yadda ruwa ke yi in an jefa tsakuwa a tafki. Hikimar wuri ɗayan nan ita ce duk abin da ke da rai a cikin ciyawar yana jin ƙaurin hayaƙi tun wutar na nesa, kuma kowace fuska ya nufa hanya a buɗe take. Za ka ga tururuwa da gizo-gizo da ƙwari suna hawa jikin itatuwa, ƙadangaru suna silalewa gaba, wasu suna shigewa ƙarƙashin dutse. Wutar da aka ja ta a dogon layi, ko aka kewaye fili da ita ta kowane gefe, ta toshe musu hanya ke nan, kuma inda layuka biyu suka haɗu a tsakiya zafinsu yakan ninka ya yi sama.

Wuta mai sanyi tana da alamun da ko baƙo zai iya ganewa in an nuna masa. Harshenta bai cika wuce gwiwa ba. Tafiyarta ba ta kai ta mai tafiya a ƙasa ba, har mutane kan bi gefenta suna hira, yara a cikinsu, wanda ya ga dama ya tsallake ta. Hayaƙinta fari ne siriri, domin ciyawa take ci. In hayaƙi ya yi baƙi ya murtuke, man ganyen turare ne ya kama, alamar wuta ta hau inda bai kamata ba. Tokar da take bari baƙa ce, da guntayen kara da ba su gama ci ba. Farar toka fat shaidar wutar da ta yi zafi har ta cinye komai ce. Babbar jarrabawa kuwa ita ce bayan ta wuce ka share tokar ka ɗora tafin hannunka a ƙasa. In ka ji sanyi, an yi aiki. Saiwar ciyawa tana nan da rai, irin da ke kwance a ƙasa bai soyu ba, ƙananan halittun da ke gina ƙasar ba su mutu ba.

Doka mafi girma a wurinsu ita ce kada wuta ta taɓa kan itace. A can inuwa take, a can fure da 'ya'ya suke, a can tsuntsaye ke kwana, a can dabbar nan kowala take rayuwa. Itace in ya rasa ganyensa, rana takan sauko kai tsaye ta busar da ƙasa, sai abin da ya biyo baya ya canza baki ɗaya. Wanda ya bi dajin da gobarar 2019 ta yi wa mummunan ci zai ga haka da idonsa. Zafi mai tsanani yakan tayar da irin wasu ƙananan itatuwa dangin bagaruwa duk a lokaci guda, su fito cunkus kamar an yafa su, har mutum ba ya iya ratsawa. Bayan 'yan shekaru wannan sarƙaƙiya ta zama tsani, wuta ta gaba ta taka ta daga ƙasa ta hau sama. Gobara tana shuka wa 'yar'uwarta abinci ke nan. Ita kuwa mai sanyi ciyawa take dawo da ita. Makonni kaɗan sai toho ya fito, kangaru su taru suna kiwo, a da can mafarauci ya san inda zai same su. In aka yi shekaru ana haka, daji yakan zama faci-faci: nan an ƙona bana, can bara, can kuma shekara biyar ba a taɓa ba. Gobara in ta taso ba ta samun abinci iri ɗaya shimfiɗe daga nan har bangon duniya, dabba kuma kullum tana da wurin gudu.

Mai karatu zai ce, ilimi irin wannan ya aka yi aka bar shi? Turawan Ingila sun sauka a Sidni a 1788, suka ƙetare tsaunukan nan a 1813, daga nan aka shiga raba mutane da ƙasarsu. Cuta ta kashe wasu, bindiga ta kashe wasu, aka tattara saura a sansanoni. Baƙin sun zo da shinge da tumaki da gidajen katako, wuta a wurinsu abokiyar gaba ce kawai. Tun a 1848 babban mai safiyon ƙasa Thomas Mitchell ya rubuta cewa tun da 'yan ƙasa suka daina ƙuna a kewayen Sidni, sarƙaƙiyar ƙananan itatuwa ta rufe filayen da a da ake sukuwa a cikinsu. A Katumba ma akwai wani kwari da ake kira Garguree, inda iyalan Gundungurra da Darug suka zauna har 1957, lokacin da aka tashe su aka gina filin tseren motoci. Sai a 2002 gwamnati ta amince da wurin a matsayin nasu na gado. Yau baƙo yana iya zagaya shi da ƙafa ya karanta tarihin a alluna. Ilimin wuta a ƙasa yake zaune, ana koyonsa ne ana tafe ana nunawa. Wanda aka raba da ƙasarsa an raba shi da makarantarsa.

A arewacin nahiyar, inda mulkin mallaka ya makara wajen isa, igiyar ba ta tsinke ba. A yankin Cape York an yi wasu dattawa biyu 'yan kabilar Kuku Thaypan, George Musgrave da Tommy George, waɗanda suka riƙe ilimin cikakke. A shekarun 1990 wani saurayi mai suna Victor Steffensen, wanda ke da jinin kabilar Tagalaka, ya maƙale musu yana bin su daji da kyamara yana ɗaukar duk abin da suka nuna. Sun sha fama da hukumomi kafin a bar su su sa wuta a ƙasar kakanninsu. A 2005 Jami'ar James Cook ta ba dattawan biyu digirin girmamawa na dakta. Daga aikinsu aka fara tarurrukan koyar da wuta na shekara-shekara, aka kuma sami ƙungiyar Firesticks, wadda ke taimaka wa kabilun kudu su farfaɗo da nasu. Steffensen ya fitar da littafinsa mai suna Fire Country a 2020, hayaƙin gobarar bai gama washewa ba. Abin da yake nanatawa shi ne ba a ɗauko tsarin arewa a dasa a kudu. Hanyar karatun ce ake koyarwa, sannan kowace kabila ta karanta tata ƙasar, ta haɗa da abin da tsofaffinta suka tuna.

Masu son lissafi ma sun sami hujja. A yammacin yankin Arnhem Land, can arewa, tun 2006 'yan ƙasa masu gadin daji suke ƙona yanki mai faɗin murabba'in kilomita kusan 28,000 a farkon rani, wasu da ƙafa wasu daga jirgi mai saukar ungulu. Gobarar ƙarshen rani ta ragu, hayaƙin da ke ɗumama duniya ya ragu, har kamfanoni suna biyansu kuɗi a kan ragin. Kwamitin bincike na ƙasa da aka kafa bayan gobarar 2019, a rahotonsa na Oktoban 2020, ya shawarci gwamnatoci su zauna da masu ƙasa na asali su amfana da iliminsu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, kuma gwanayen da kansu suna faɗinta: wannan ba laya ba ce. A shekara irin 2019, da ƙasa ta bushe ƙayau, iska kuma tana jifa da garwashi tafiyar kilomitoci gaban wuta, babu dabarar da za ta ba da tabbaci. Shuɗɗan Tsaunuka ba shimfiɗaɗɗen filin ciyawa ba ne irin na arewa, kwazazzabai ne da gangare, ga gidaje har bakin daji. Wurin da ya yi shekara ɗari ba a taɓa ba, ba a gyara shi da ƙuna ɗaya, sai an yi ta komawa shekara bayan shekara. Hatta ƙwararrun 'yan kwana-kwana wuta takan kufce musu. Ranar 14 ga Disamban 2019 an sa wutar tare gaba kusa da tsaunin Wilson don a datse gobarar Gospers, iska ta juya, wutar ta tsallake ta nufi Bilpin da kwarin Grose. Mutanen da suka yi wannan yaƙi, akasarinsu 'yan sa-kai ne da suka bar ayyukansu da iyalansu watanni, ba wanda zai raina musu. Darasin kawai shi ne wutar da aka kunna a tsakiyar zafi bisa tilas daban take da wadda aka kunna a sanyi bisa zaɓi.

Rabin gwanintar kuma sanin inda ba a sa wuta ne sam. A cikin kwazazzaban nan akwai kurmi mai danshi wanda bai san wuta ba, in ta shige shi ba ya dawowa da sauƙi. A irin wannan lungu ne a 1994 wani ma'aikacin gandun daji mai suna David Noble ya ci karo da wasu itatuwa da masana ba su san irinsu ba sai a burbushin da ya daskare cikin duwatsu tun zamanin da ba mutum a duniya. Ana kiransu Wollemi, manyansu a daji ba su kai 100 ba, kuma har yau gwamnati tana ɓoye wurin. Da gobarar Gospers ta doso su, jirage suka zuba maganin hana wuta a kewaye, aka zuro ma'aikata da igiya daga jirgi mai saukar ungulu suka shimfiɗa bututun ban-ruwa suna jiƙa ƙasa. Wuta ta ratsa, ta babbake jikin wasu, amma kurmin ya tsira. A wuri ɗaya magani wuta ce, a wani wurin ruwa, gwani shi ne wanda ya bambance.

Ni da na tashi ina ganin ƙunar daji, labarin nan bai yi mini nisa ba. Muna yara mukan bi manyanmu farautar gafiya da bazara, a cinna wa ciyawa wuta ta ko'ina, shirwa na shawagi a saman hayaƙi tana cafke fara. Mukan dawo da gafiya uku ko huɗu, wutar kuwa mu bar ta a baya, ba wanda ya tambayi inda za ta kwana. Wani lokaci a rumbun wani take kwana. Amma a garin nan namu akwai tsofaffin da in za su ƙona sharar gona sai sun jira iska ta kwanta, sun share kewaye, sun tsaya a kai da ɗanyen reshe har ta mutu. Akwai makiyayan da suka san fadamar da in an ƙona da wuri za ta ba da toho, da tudun da in an ƙona an kashe shi. Ba kuma cewa nake a kwaikwayi Ostireliya ido rufe ba. A yankunan kiwo na Nijar busasshiyar ciyawa ita ce abincin dabbobi har faɗuwar damina, shi ya sa can ake share dogayen hanyoyi a daji don tare gobara, wanda ya sa wuta kuwa ya ƙona rumbun jama'a ne. Kowace ƙasa da karatunta, kuma wannan shi ne ainihin abin da dattawan Aborijin suke koyarwa.

Wanda Allah ya nufa da zuwa Sidni, ya daure ya hau jirgin nan zuwa tsaunuka. Ya kwana, ya sayi tuffa a Bilpin, ya nemi ɗan jagora daga cikin 'yan asalin ƙasar, domin akwai masu wannan sana'a. Ya tsaya kan hanyar da aka shata, saboda toho ba ya son takawa, takalmi kuma yana ɗaukar cutar saiwa daga wani daji zuwa wani. Ranar da hukuma ta hana kunna wuta a waje, ko ta rufe wata hanya, ya bi doka.

Mu kuma da ke gida akwai abin da ya fi wannan sauƙi. George Musgrave ya rasu a 2006, Tommy George a 2016, duk ba su ga gobarar 2019 ba. Amma da ƙasarsu ta waiwayo tana neman abin da suka sani, ta same shi a ajiye, saboda wani yaro ya bi su daji ya saurara ya ɗauka. A ƙauyukanmu da rugagenmu akwai tsofaffin da suka san wace ciyawa ake ƙonawa, wace ake bari, da watan da ake yi. Waya mai kyamara tana aljihun kowane saurayi. A je a same su tun suna da ƙarfin taka daji su nuna.